Daga Miƙawa Zuwa Bugawa: Matakan Tantance Maƙala a Mujallun Ilimi da Dalilan Jinkirinsu

1.0 Gabatarwa

A jami'o'i da kwalejojin ilimi na Nijeriya, ƙarin girman malami ya rataya ne a kan abin da ya wallafa a mujallun ilimi. Malami yakan shafe shekaru yana koyarwa yana duba kundayen ɗalibai, amma idan lokacin ƙarin girma ya zo, abin da kwamiti zai fara ƙirgawa shi ne maƙalun da suka fito, ko waɗanda aka ba shi takardar amincewa da su. Saboda haka tsawon lokacin da maƙala take ɗauka a hannun mujalla ba ƙaramin al'amari ba ne, domin jinkirin wata uku yana iya sa malami ya rasa zagayen ƙarin girma na shekara guda.

Duk da haka, da yawa daga cikin manazarta, musamman sababbin shiga, ba su da cikakkiyar masaniya game da abin da yake faruwa da maƙala bayan ta bar hannunsu. Wannan rashin sani shi yake haifar da zargi tsakanin marubuta da editoci, kuma shi yake tura wasu ga aikata abin da zai zubar musu da mutunci. Manufar wannan maƙala ita ce ta bayyana matakan da rubutu yake bi a mujallar ilimi, da ma'anar sanarwar da ake nuna wa marubuci a kowane mataki, da kuma dalilan jinkiri. Za a yi ƙoƙarin nuna cewa sanarwar tana faɗin inda maƙala take da wanda take hannunsa ne kawai, ba ta faɗin hukuncin da za a yanke mata, kuma babban kaso na jiran yana tafiya ne wajen neman wanda zai duba ta. An kawo misali da nazarin Hausar Suleja ta Jihar Neja, saboda yanayin harsunan yankin yana fito da matsalar fili.

2.0 Asalin Tantancewa

Mujallar ilimi ta girmi tantancewa irin ta yau. Henry Oldenburg ya fara fitar da Philosophical Transactions a Landan a 1665, kuma shi yake zaɓen abin da zai buga. A 1752 ƙungiyar masana ta Royal Society ta karɓi ragamar mujallar ta kafa kwamitin zaɓen maƙalu, sannan a 1832 ta fara neman rubutaccen rahoto daga masana kafin a yanke hukunci. Al'adar ba ta game duniya da wuri ba. A 1936 Albert Einstein da Nathan Rosen sun aika wa mujallar Physical Review ta Amurka wata maƙala, editanta John Tate ya ba wani masani ya duba ta a asirce. Einstein ya fusata ya janye maƙalar, amma kafin ta fito a wata mujalla a 1937 sai da ya sauya sakamakonsa, domin kuskuren da aka nuna masa gaskiya ne. Ita kuwa mujallar Nature sai a 1973 ta wajabta tantancewar masana na waje a kan maƙalunta.

A ƙasar Hausa ma haka abin ya faro, wato rubutu yana hannun edita ɗaya. A gasar ƙagaggun labarai ta 1933, R. M. East na Hukumar Talifi ta Zariya shi ya karanta rubuce-rubucen ya gyara su, kafin littattafai biyar su fito. A tsohuwar Abuja, wadda ake kira Suleja a yau, Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi sun rubuta tarihi da al'adun masarautar da Hausa, Frank Heath ya fassara ya tsara aikin, aka buga shi a Ibadan a 1952. A irin wannan tsari marubuci ya san mutumin da rubutunsa yake hannunsa, ya kuma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Da jami'o'i suka kafu, mujallu suka bayyana, kamar Harsunan Nijeriya da ta fara fitowa a Kano a 1971, da Harshe a Zariya, da Ɗunɗaye a Sakkwato, da Algaita a Kano, sai hukunci ya tashi daga hannun mutum ɗaya ya koma hannun masanan da marubuci bai san sunayensu ba. Daga nan jira ya ƙaru, duhu kuma ya shiga tsakani.

3.0 Matakan da Maƙala Take Bi

A shekarun 1990 marubuci yakan buga maƙalarsa da tafireta, ya bi ɓ da ɗ da ƙ da biro yana sa musu ƙugiya, ya aika da kwafi biyu ko uku ta gidan waya, sannan ya zauna jiran wasiƙa. A yau manyan kamfanonin ɗab'i suna amfani da manhajojin intanet irin su ScholarOne da Editorial Manager, mujallun jami'o'i da yawa kuma suna amfani da Open Journal Systems, wasu kuwa i-mel kawai. Manhajojin sukan nuna wa marubuci gajeriyar sanarwa, galibi da Ingilishi, wadda lafazinta yake bambanta daga mujalla zuwa mujalla. Amma matakan da suke bayan sanarwar ɗaya ne, ko ta gidan waya aka aika ko ta kwamfuta.

3.1 An Karɓa

A wannan mataki maƙala tana hannun sakataren mujalla, ba masani ba. Aikinsa shi ne ya ba ta lamba, ya duba tsawonta, da tsarin madogara, da ko marubuci ya cire sunansa daga cikin rubutun. Mujallu da yawa sukan bi ta da manhajar gano satar fasaha. Idan aka dawo da ita daga nan, ba a ƙi ta ba ne, an nemi a daidaita siffarta ne kawai.

3.2 Tana Hannun Edita

Edita yakan karanta maƙala domin ya amsa tambaya biyu: shin ta dace da fagen mujallar, kuma ta kai a ɗora wa masana nauyin duba ta? Idan amsar a'a ce, yakan mayar da ita ba tare da an tantance ba. Irin wannan ƙi yana da ciwo, amma ya fi sauƙi, tun da marubuci zai nemi wata mujalla ba tare da ya yi asarar watanni ba. Idan maƙala ta daɗe a wannan mataki, sau da yawa ba watsi aka yi da ita ba, edita ne yake neman masu tantancewa, domin wasu manhajoji ba sa sauya sanarwa sai an sami wanda ya amsa gayyata.

3.3 Ana Tantancewa

Wannan ita ce sanarwar da aka fi yi wa gurguwar fahimta. Marubuci yakan ɗauka cewa masana biyu sun duƙufa a kan aikinsa, alhali a wasu mujallu sanarwar takan bayyana da zarar an aika da gayyata, a wasu kuma da zarar mutum na farko ya amsa, ko da ba a sami na biyu ba. Haka kuma idan kwanan watan da yake gefen sanarwar ya sauya, ita kuwa ba ta sauya ba, yana iya nufin an gayyaci wani sabo, ko rahoto ɗaya ya iso ana jiran ɗayan. A fagen harshe da adabi an fi sakaya sunaye ta fuska biyu, wato mai tantancewa bai san marubuci ba, marubuci ma bai san shi ba.

3.4 Rahotanni Sun Kammala

Ma'anar wannan ita ce adadin rahotannin da mujalla take bukata ya cika, maƙala ta koma hannun edita. Wani lokaci sanarwar takan sake komawa ga matakin tantancewa, hankalin marubuci ya tashi. Abin da ya faru shi ne rahotanni biyu sun saɓa wa juna, ko ɗaya bai ƙoshi ba, edita ya nemi masani na uku ya raba gardama.

3.5 Hukunci

Masu tantancewa shawara suke bayarwa, edita ne yake yanke hukunci. Hukuncin bai cika wuce ɗaya daga cikin biyar ba: a karɓa yadda take, wanda ba kasafai yake faruwa ba, a yi ƙananan gyare-gyare, waɗanda edita da kansa zai duba, a yi manyan gyare-gyare, maƙala ta koma ga masu tantancewa, a sake ginin maƙala a miƙa ta a matsayin sabuwa, ko kuma a ƙi ta. Ya kamata a lura cewa neman manyan gyare-gyare ba alkawarin bugawa ba ne, kuma ba kora ba ce. Yana nuna edita ya ga abin da ya cancanci a sake wahala a kansa.

3.6 An Amince, Ana Jiran Bugu

Amincewa ba ita ce fitowa ba. Maƙala za ta shiga layi, a tsara ta, a aika wa marubuci samfurin bugu ya duba. A nan ne masu rubutu da Hausa suke bukatar sa ido, saboda haruffa masu ƙugiya da alamomin karin sauti da na tsawon wasali sukan lalace idan aka sauya nau'in haruffan kwamfuta. Mujallar da take fitowa sau ɗaya a shekara kuwa, wanda ya kuskure wa fitowar bana da mako ɗaya sai ya jira baɗi.

4.0 Tsawon Jira da Dalilansa

4.1 Abin da Bincike ya Nuna

Bo-Christer Björk da David Solomon sun nazarci mujallu 135 a 2013, suka gano cewa daga miƙawa zuwa bugawa ana ɗaukar kimanin wata 9 a fannin kimiyyar haɗa sinadarai, da kimanin wata 18 a fannin kasuwanci da tattalin arziki. A 2017 Janine Huisman da Jeroen Smits sun nazarci bayanai 3,500 da marubuta suka bayar, suka gano cewa zagayen farko na tantancewa yana ɗaukar mako 13 a matsakaici. Likitanci da kimiyya su suka fi sauri, fannonin fasaha da zamantakewa kuwa suna cikin masu nawa. Sun kuma gano cewa kashi ɗaya cikin uku na mujallu sukan wuce mako biyu kafin su mayar da maƙalar da ba za a ma tantance ta ba. Waɗannan alƙaluma na mujallun duniya ne masu ma'aikata da kuɗi. Ke nan manazarcin harshe da ya yi wata uku bai ji komai ba, bai fita daga abin da aka saba ba.

4.2 Ƙarancin Masu Tantancewa: Misalin Suleja

Hausawan Suleja daga Zazzau suka zo. Bayan jihadi Sarki Makau ya bar Zariya ya sauka a Zuba, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828. Bayan da aka zaɓi yankin babban birnin tarayya a 1976, sabon birnin ya ɗauki sunan Abuja, tsohon garin kuma aka sa masa Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kusan ƙarni biyu ke nan Hausar wannan gari tana zaune tsakanin Gbagyi, waɗanda Hausawa suke kira Gwari, da Koro da Gade, sannan ginin babban birni ya kwararo mata da baƙi daga ko'ina a Nijeriya.

A ƙaddara wani malami ya rubuta maƙala a kan kalmomin da Hausar Suleja ta ara daga Gbagyi, da yadda karin sautinsu ya sauya. Wanda zai tantance ta sai ya san karin harshen Zazzau, domin ya bambance abin da aka zo da shi daga Zariya da abin da aka tarar. Sai kuma ya san Gbagyi, wanda ɗan gidan harsunan Binuwai-Kwango ne, dangin Nupe, ba ɗan gidan Cadi ba kamar Hausa. Rubuce-rubuce a kan nahawunsa ba su kai na Hausa yawa ba, har yau ana komawa ga ɗan littafin da Larry Hyman da Daniel Magaji suka fitar a Ibadan a 1970. Masanan da suka haɗa sanin ɓangarorin biyu ƙalilan ne. A cikin ƙalilan ɗin ma, wani shi ya duba kundin digirin marubucin, wani abokin aikinsa ne, wani kuma ya saurari maƙalar a taron ƙara wa juna sani, ya gane mai ita tun daga take. Duk waɗannan bai kamata edita ya ba su ba.

Idan edita yana ba kowane wanda ya gayyata mako biyu ya amsa, mutum biyar kuma suka ƙi ko suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya, mako goma sun tafi ba wanda ya buɗe shafin farko. Karanta maƙala mai shafi ashirin da rubuta rahoto a kanta aikin 'yan kwanaki ne. Samun wanda zai yi shi ne yake cin watanni. Abin da ya ƙara tsananta lamarin shi ne, maƙalar da aka rubuta da Hausa ba za a iya aika ta ga masanin harsunan Binuwai-Kwango da ba ya karanta Hausa ba, komai ƙwarewarsa. Don haka gwargwadon sabuntar fagen da maƙala ta shiga, gwargwadon wuyar samar mata alƙali.

4.3 Sauran Dalilai

Tantancewa aikin sa-kai ne. A mafi yawan mujallu ba a biyan mai yin sa, inda ake biya ma abin bai taka kara ya karya ba. Masanin da aka fi nema shi ne wanda ayyuka suka fi yi wa yawa: koyarwa, duba kundaye, jarrabawar waje, shugabancin sashe. Rufe jami'o'i ma yana da nasa tasiri. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya kai wata tara, na 2022 kuma ya fara ranar 14 ga Fabrairu ya ƙare ranar 14 ga Oktoba. Mujallar sashe ko ta cibiya ba ta rabuwa da ofishin da take ciki, idan aka rufe shi aikinta yakan tsaya ko ya yi rauni. Akwai kuma kuɗin ɗab'i. Asusun TETFund yana da tallafin buga mujallun ilimi, amma mujallar da ba ta same shi ba sai ta jira abin da marubuta suka biya ya taru.

Wani jinkirin kuma daga marubuci yake. Maƙalar da ba ta bi ƙa'idojin rubutun Hausa ba, waɗanda aka tattauna a taron Bamako na 1966 da na Yamai na 1980, takan sa mai tantancewa ya koma gyaran rabin kalma da haɗe ta, maimakon auna hujja. Haka nan marubucin da aka ba wata ɗaya ya yi gyara ya ɗauki wata shida, yana iya tarar da cewa wanda ya duba ta da farko ba ya samuwa, a koma neman wani.

5.0 Abin da ya Kamaci Marubuci

Da farko ya dubi mujallar kafin ya aika. Idan tana buga ranar karɓa da ranar amincewa a ƙasan maƙalu, ya ƙirga na fitowa biyu ko uku, zai san abin da zai tarar. Idan wa'adin da mujalla ta ɗibar wa kanta ya wuce, ko an yi kamar wata uku ba labari, yana da haƙƙin ya rubuta wa edita gajeriyar wasiƙa cikin ladabi, ya ambaci take da lamba da ranar miƙawa, ya tambayi matakin da ake ciki. Yana da amfani ya nuna cewa a shirye yake ya ba da sunayen masanan fagen da ba su da alaƙa da shi, domin wataƙila a nan aka maƙale.

Na biyu, kada ya aika da maƙala ɗaya ga mujallu biyu a lokaci guda. Wannan laifi ne a ƙa'idojin wallafa, irin waɗanda kwamitin COPE, da aka kafa a Ingila a 1997, yake yaɗawa. A fage ƙarami kamar nazarin Hausa asirin ba ya rufuwa, tun da mai yiwuwa masani ɗaya mujallun biyu za su aika wa. Idan jira ya zama na gawon shanu, hanyar da ta dace ita ce ya rubuta takardar janyewa, ya nemi amsa, ya adana kwafinta, sannan ya nufi wata mujalla.

Na uku, ya yi hattara da mujallar da take alkawarin amincewa cikin 'yan kwanaki in an biya kuɗi. A 2013 John Bohannon ya shirya maƙalar bogi mai cike da kurakurai na fili, ya aika wa mujallu 304 masu karɓar kuɗin bugawa, 157 suka amince da ita. Hausawa sun ce sauri ya haifi nawa. Maƙalar da ta fito a irin wannan wuri, masu tantance ayyukan malami na waje suna iya ƙin ƙirga ta, kuma ba za a sake buga ta a wata mujalla ta ƙwarai ba. An yi asarar binciken da kuɗin gaba ɗaya.

Na huɗu, idan rahotanni suka zo, ya amsa kowane batu ɗaya bayan ɗaya a takarda daban, ya nuna shafin da ya gyara. Inda bai yarda ba ya kawo hujja da misalai daga bakin masu harshen. Wannan yakan ba edita damar yanke hukunci ba tare da wani dogon zagaye ba.

6.0 Abin da ya Kamaci Mujallu

Ba dukkan jinkiri ne edita yake iya kawarwa ba, amma yana iya kawar da duhun da yake tattare da shi. Ya kamata kowace mujalla ta sanar da marubuci isowar maƙalarsa cikin mako guda, ta bayyana wa'adinta a shafin ƙa'idoji, ta kuma riƙa buga ranar karɓa da ta amincewa a ƙasan kowace maƙala. Ya kamata a rarrabe tsakanin "ana neman masu tantancewa" da "ana tantancewa", domin haɗe su shi ne tushen yawancin zargi. Haka kuma a faɗaɗa da'irar waɗanda ake nema, ta haɗa da ƙwararrun malaman kwalejojin ilimi irin ta Zuba da ta Minna, waɗanda suke zaune cikin harsunan da ake rubutu a kansu, da masanan Hausa na jami'o'in Yamai da Damagaram.

Akwai kuma aikin da ya rataya a wuyan masana harshe su kansu. Ƙamus na keɓaɓɓun kalmomi da Ɗalhatu Muhammad ya tace, wanda ya fito a 1990, ya samar wa nazarin harshe da adabi kalmomin aiki. Harkar wallafa ma tana bukatar irin wannan daidaito. A yanzu wani ya ce tacewa, wani tantancewa, wani dubawa, wani bita, duk a kan abu ɗaya. Mujallar da take buga maƙalu da Hausa ya dace ta iya sanar da marubutanta matsayin aikinsu da Hausar da kowa ya amince da ma'anarta.

7.0 Kammalawa

An bi matakai shida da maƙala take ratsawa, an kuma nuna cewa kowace sanarwa tana faɗin wanda maƙala take hannunsa ne, sakatare ko edita ko mai tantancewa ko maɗaba'a. Misalin Hausar Suleja ya nuna cewa binciken da ya shiga fagen da ba a taka sosai ba shi ya fi fuskantar jinkiri, saboda ƙarancin masu iya auna shi. Idan marubuta suka guje wa irin waɗannan fagage don neman saurin bugawa, ƙananan harsuna da karorin Hausa na gefe su za su yi asara. Maganin yana hannun ɓangarori uku: marubuci ya san lokacin haƙuri da lokacin tambaya, edita ya riƙa faɗin inda aka tsaya, masanin da aka gayyata kuma, idan ba zai iya ba, ya faɗa da wuri ya nuna wani.